Tiraiton a kan bes: me ya sa yau ya yi zaƙi, gobe ya yi tsami?

Ɗan Tudun Wada:
Jama'a barkanmu da warhaka. Ina da abin da ya dame ni tun ranar Asabar, kuma na san akwai manyana a nan. Shekara huɗu ke nan ina kaɗa bes, wato gita mai kaurin murya, a coci da wuraren biki, amma jaz bara na fara koyo. Kwanan baya na koyi abin da ake kira musanyar tiraiton (tiraiton shi ne tazarar taki uku tsakanin sautuka biyu, kamar G da Db). Yadda na fahimta, in ana tafiya a kan kod, wato haɗin sautuka, na Dm7, G7, Cmaj7, to a maimakon in taka G sai in taka Db, ya zama bes na gangarowa D, Db, C, gaɓar wuyan bes ɗaya bayan ɗaya a kan tsirkiyar A: ta 5, ta 4, ta 3. Da na gwada a ɗaki tare da kiɗan da nake bi a waya, sai da tsigar jikina ta tashi don daɗi.

Ranar Asabar muna gwaji da 'yan ƙungiyarmu, na sa shi a ƙarshen baiti na farko, ya zauna daram. Har mai ganga ya ɗaga min gira. Da muka zo ƙarshen amshi na sake yin abu ɗaya, ki ɗaya, kod ɗaya, sai ga wani irin tsami kamar an zuba tsamiya a madara. Mai waƙa ta juyo ta kalle ni, mai fiyano ya ɗauke hannu, aka tsaya. Aka ce in koma G ɗina. Na koma, amma zuciyata ba ta kwanta ba, don ban san laifin da na yi ba. Kod ɗin G7 ne a wuri biyun. Me ya sa ɗaya ya karɓa ɗaya ya ƙi?

Anti Mai Fiyano:
Ƙanena, ruwa ba ya tsami banza. Tambaya biyu zan yi maka kafin kowa ya fara dogon bayani. A wurin da abin ya yi tsami, wane sauti mai waƙa take riƙe da shi? Faɗa min da solfa, wato do re mi, in ya fi maka sauƙi. Na biyu, mai fiyanonku me yake yi da hannun hagu, yana danna G a can ƙasa ko ya bar maka ƙasan?

Ɗan Tudun Wada:
Anti, na koma na saurari abin da muka ɗauka a waya. A baiti na farko tana kan "fa" ne ta sauka "mi". A amshi kuwa ta ja "re" mai tsawo kafin ta sauka "do". Mai fiyano kuma ya saba da kiɗan coci, hannun hagunsa kullum yana kan tushen kod, har ninki biyu yake dannawa, musamman in an zo amshi an ɗaga murya.

Anti Mai Fiyano:
To ka ba kanka amsa. "Re" a ki na C shi ne D. Kai kuma ka taka Db a ƙarƙashinta. Tsakanin D da Db rabin taki ne kawai, ko da oktef biyu ya raba ku (oktef shi ne daga "do" zuwa "do" na gaba), kunne yana jin gogayyar nan. Ita ta ja sautin ta tsaya a kai, kai ma ka tsaya a kan naka, babu wanda ya kauce wa wani. Shi ya sa ta juyo, kuma tana da gaskiya, don mai sauraro zai ɗauka ita ce muryarta ta zame.

A baiti na farko kuwa tana kan F, kuma F na cikin kod biyun. G7 ya ƙunshi G, B, D, F. Db7 ya ƙunshi Db, F, Ab, B. Masu rubutu za su ce Cb ne ba B ba, amma a ƙarƙashin yatsa wuri ɗaya ne. Ka ga B da F suna nan a duka biyun, matsayinsu ne kawai ya juya: wanda yake na uku a G7 ya koma na bakwai a Db7, na bakwai ya koma na uku. Wannan shi ne dukan dalilin da ya sa musanyar take yiwuwa. Amma D ba ya cikin yarjejeniyar. Don haka kafin ka musanya, ka san inda waƙa take. In tana kan "fa" ko "ti", hanya a buɗe take. In tana kan "so", nan ma ya fi ko'ina daɗi, don G a saman Db7 wani irin haske yake bayarwa. In tana kan "mi" za a iya, da ɗan yaji. In ta tsaya a kan "re" ko "do", ka bar ta ta wuce lafiya.

Sannan ga hannun hagun mai fiyano. Shi yana G a ƙasa, kai kana Db a ƙasa. Tiraiton a can ƙasan ba kiɗa yake zama ba, taɓo ne. Laifi biyu suka haɗu a bugu ɗaya.

Baba Sajan:
'Yata ta yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Ni dai yaro, zan mayar da kai baya kaɗan, don na lura ka koyi musanya tun ba ka san abin da ake musanyawa ba. Ba laifinka ba ne, haka ake koyar da ku yanzu, a nuna maka inda za ka sa yatsa a wuce.

Ajiye maganar Db tukuna. Ɗauki bes ɗinka. Sa yatsa a tsirkiyar D gaɓa ta 9, B ke nan. Sa wani a tsirkiyar G gaɓa ta 10, F ke nan. Ja su tare ka bar su su yi ƙara har su mutu da kansu. Kada ka yi sauri. Ka ji yadda abin ya ƙi zama, kamar mutumin da ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa? Shi ne tiraiton: taki uku cif, gaɓa shida, rabin oktef daidai wa daida. Yanzu matsar da yatsan B gaba gaɓa ɗaya ya zama C, ka jawo na F baya gaɓa ɗaya ya zama E. Ja su. Ka ji an shiga ɗaki an zauna? "Ti" ya hau "do", "fa" ya sauka "mi". Kowanne rabin taki kawai ya motsa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ƙulli ya kwance. Duk abin da ake kira saukar kod a wannan fanni, daga nan ya faro.

Lokacin da nake aikin kiɗan soja, wanda ya koya mana ba ya barin mutum ya taɓa kayan kiɗa sai ya rera abin da bakinsa. Mu biyu-biyu yake tsayar da mu, ɗaya ya riƙe "ti" ɗaya ya riƙe "fa", ya ɗaga hannu ya bar mu a haka har numfashi ya kusa ƙarewa, sannan ya sauke hannu mu sauka tare. Har yau in na ji G7 a ko'ina, maƙogwarona ne ke fara sanin inda za a je kafin hannuna. Ka yi wannan na mako biyu. Ka kaɗa F ka rera B, ka kaɗa B ka rera F. Tiraiton shida ne kawai a duniya, don kowane ɗaya yana yi wa kod biyu aiki, shida sau biyu sha biyu. Ba su fi ƙarfinka ba.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga Baba. Mu nan wajenmu da tsarin Faransa muka koya, abin da kuke kira B mu "si" muke cewa, kuma "do" ɗinmu ba ya tashi daga C ko an canza ki. Sai da na ɗan zauna kafin na gane "re" ɗin Anti, amma da yake a C kuke magana, mun haɗu.

Abin da nake so in ƙara a kan darasin Baba: waɗannan sautuka biyu ƙofa biyu gare su, ba ɗaya ba. Baba ya matse su ciki suka ba da C da E. To ka koma kansu, B da F ɗin nan, wannan karon ka buɗe su waje: B ya sauka Bb, F ya hau Gb. Ka faɗa gidan Gb ke nan, wanda shi ne asalin gidan da Db7 yake zuwa. Yatsu ɗaya, gida biyu, kuma tsakanin gidajen biyu, C da Gb, nan ma tiraiton ne. Ranar da na gano wannan da hannuna ban yi barci da wuri ba. Shi ya sa mai bes yake da nauyi a wuyansa: su sautukan biyu ba su faɗi inda za su ba, wanda ke ƙasa ne yake nuna musu hanya.

Mai Situdiyo Kano:
Ni fa tambayata daban ce. Na taɓa jin an ce wannan sautin na shaiɗan ne, wai a Turai da can coci ta haramta shi, duk wanda ya kaɗa a kore shi ko a hukunta shi. Gaskiya ne? Don in akwai wani abu a ciki gara mutum ya sani.

Malam Na Zariya:
Malam, hankalinka ya kwanta. Akwai dai tsohuwar magana ta Latin da malaman kiɗa suke yi, mai ma'anar "shaiɗan a cikin kiɗa", kuma tana cikin littafin koyarwa da Johann Joseph Fux ya fitar a 1725. Amma gargaɗin malami ne ga ɗalibi, kamar yadda za ka ce wa yaro wannan lissafin akwai ɗan banzan wuya. Sautin yana da wuyar rerawa daidai, shi ya sa masu koyar da waƙar coci tun zamanin Guido na Arezzo, a ƙarni na 11, suke tsara hanyoyin kauce masa. Zancen kora da hukunci ƙari ne na baki. Mawaƙan Turai sun yi ta amfani da shi a cikin cocin kanta, don duk inda aka sauka daga kod mai bakwai zuwa gida, yana ciki. Lissafi ne kawai: in ka ɗauki girgizar sauti ka ninka ta da kusan 1.414, ka sami tiraiton ɗinsa, ka sake ninkawa ka sami oktef. Ba ya faɗawa kan rabo mai sauƙi irin 3 da 2 na tazarar "do" da "so", shi ya sa kunne ke jin sa a tsaye.

Mai Gurmi:
Ina ta karantawa ban sa baki ba, don ni ba ɗan jaz ba ne, gurmi na gada, bes daga baya na ɗauka don neman abinci. Amma akwai abin da ya faɗo min da Baba ya ce "ti" da "fa". Ku duba yawancin kiɗan da muka tashi da shi, na gurmi da garaya da waƙoƙin da iyayenmu mata ke yi wajen daka, a kan sauti biyar suke tafiya. In ka jera sauti biyar ɗin nan a solfa, do re mi so la, waɗanne biyu ne babu? "Fa" da "ti". Su ɗin dai. Wato ainihin sautuka biyun da ke haifar da wannan ƙulli su ne ba ma yawan takawa.

Ni a ganina shi ya sa abin yake ba irinmu wuya da farko. Ba hannu ba ne, kunne ne. Mu ƙullinmu a wajen bugu yake da kuma magana, mai kalangu ya ja ka ya ja ka sannan ya sake ka. Nasu kuma a cikin haɗin sauti yake. Na yi wata uku ina jin G7 da G duk ɗaya ne a wurina, ban ɓoye ba. Sai da wani ya zaunar da ni yana danna F ɗin yana ɗagawa, yana dannawa yana ɗagawa, kamar mai kunna fitila yana kashewa, sannan na fara ji.

Mai Situdiyo Kano:
Na gode Malam Na Zariya. Amma Mai Gurmi, ban yarda da kai duka ba. Yaran da suka tashi da waƙoƙin fim na yanzu da na Indiya kunnensu ya sha sauti bakwai har da rabi-rabi. A situdiyo kullum muna taka "fa" da "ti". Abin da ba mu saba ba shi ne a tara su wuri ɗaya a bar su su yi gardama. Mu a jere muke bi ta kansu mu wuce.

Mai Gurmi:
To ai kusan abu ɗaya muke faɗa. Wucewa ta kan abu daban, tsayawa a kansa daban.

Sarkin Tafiya:
Ku yi haƙuri, ni ina ganin ana neman a tsorata yaron nan. Anti ta jera masa inda zai taka da inda ba zai taka ba kamar mai tsallaka titi. Jaz ba haka aka gina shi ba. Mai bes shi ne mai ƙasa. Duk abin da fiyano ya danna a sama, sunan da na ba shi a ƙasa shi ne sunansa. In ya danna F, A, B, E, na taka G, ya zama G7 mai ado. In na taka Db, ya zama Db7 mai yaji, E ɗin nan ta koma tara mai kaifi, A ta koma biyar mai kaifi, kuma duka suna sauka C lafiya lau. Ban nemi izinin kowa ba. Manyan da muke saurare ba sa aika wa mai fiyano takarda kafin su juya. Ron Carter, shekarun da ya yi da Miles Davis daga 1963 zuwa 1968, an san shi da zaɓen sautin da zai sauya wa dukan ƙungiya hanya. In yaro bai yi kuskure a gaban mutane ba, yaushe zai iya? Ɗan Tudun Wada, ka ci gaba da takawa, kunnensu zai saba.

Anti Mai Fiyano:
Yaya Sarkin Tafiya, ka duba misalin da ka kawo da kanka. F, A, B, E. Ina G a ciki? Babu. Mai fiyanon da kake magana a kansa ya riga ya bar maka tushe, ɗan jaz ne, ya san ƙasa taka ce. Na yaron nan yana danna G ninki biyu da hannun hagu. Ba wuri ɗaya kuke tsaye ba. Kuma mutumin da ka ambata da Herbie Hancock yake kaɗawa, wanda kafin sautin bes ya gama fita ya riga ya ji ya gyara hannunsa. Wannan ba rashin neman izini ba ne, sun saba ne har magana ta zama ba dole ba.

Ni ina zaune a kan fiyano shekara da shekaru, na san yadda abin yake in mai bes ya juya ba tare da ya saurare ni ba. Ko a misalinka, ka taka Db, sai ka bi da na biyar ɗinsa, Ab, ni kuma ina riƙe da A. Ga wata gogayyar. In dai na ji ka da wuri, zan sauke A ta koma Ab, in sauke E ta koma Eb, mu tafi tare, abin ya yi kyau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ka bar zancen kunnensu zai saba. Mai waƙar nan ba ta yi kuskure ba, "re" ɗinta daidai yake. Don me za a ce ita ce za ta saba?

Sarkin Tafiya:
Zancen mai waƙa na karɓa, in tana jan "re" ba a taka "de", wato Db, a ƙarƙashinta. Amma a wajen solo, inda babu mai riƙe dogon sauti, ina nan a kan bakata. Gogayyar bugu ɗaya da ta wuce ta sauka daidai ba laifi ba ce, ita ce gishirin.

Baba Sajan:
Ku biyun kowa ya riƙe gefe ɗaya na tabarma. Abin da Sarkin Tafiya ya faɗa na ƙarshe shi ne hanyar da zan ba yaron nan, wato tsawon lokacin da za ka zauna a kan sautin. A tafiyar bes, kowane awo bugu huɗu ne. Bugu na ɗaya shi ne yake faɗin sunan kod. Na huɗu kuwa ɗan rakiya ne, aikinsa ya miƙa ka ga na gaba. To fara sa tiraiton ɗinka a na huɗu. A kan Dm7 ka taka D, F, A, Ab. A kan G7 ka taka G, B, D, Db. Sai C. Ka ga Db ɗin yana nan, amma bugu ɗaya ya yi ya zame gida, ko mai fiyano na danna G ba wanda zai ɗaga kai. Ab ɗin ma haka, shi ne tiraiton na D, ya miƙa ka ga G daga sama. In wannan ya zauna a hannunka, sai ka ba shi bugu biyu: G, G, Db, Db, ko G, B, Db, F in kana son motsi. Cikakken awo kuwa sai kun yi magana da mai fiyano.

Kuma ka san abin nan yana da tarihi. A farkon jaz a New Orleans sau da yawa ƙahon tuba ne ke riƙe ƙasa, bugu biyu a awo, tushe da na biyar. Walter Page a ƙungiyar Count Basie yana cikin waɗanda suka daidaita tafiyar bugu huɗu. Sai Jimmy Blanton ya shiga wajen Duke Ellington a 1939, ya nuna bes na iya magana kamar ƙaho. Tarin fuka ya ɗauke shi a 1942 yana da shekara 23, amma ya riga ya buɗe ƙofa ga irin su Oscar Pettiford da Ray Brown. A shekarun 1940 ɗin nan ne matasa ke haɗuwa da dare a gidan kiɗa na Minton's da ke Harlem a New York, su Thelonious Monk da Dizzy Gillespie da Charlie Parker, suka mayar da wannan tazara abincin yau da kullum. In kana son ka ji musanyar tsirara, saurari A Night in Tunisia na Gillespie. Bes yana kai da komowa tsakanin Eb7 da Dm. Eb7 ɗin nan gurbin A7 ya shiga, kuma rabin taki ne kawai a saman gida.

Malam Na Zariya:
Baba, ina da ja a wuri ɗaya, da girmamawa. An yi ta cewa tiraiton ƙulli ne dole a kwance shi. A kiɗan bulus fa? In a ki na F ake, kod na farko F7 ne, da tiraiton ɗinsa A da Eb a ciki, kuma nan ne gida. A kansa ake farawa, sau da yawa a kansa ake rufewa, ba wanda yake jin an bar shi a bakin ƙofa. Kada yaron ya tafi da cewa duk inda ya ga 7 sai ya nemi inda zai sauke shi.

Baba Sajan:
Ja mai kyau, Malam, na karɓa. Ba kowane mai bakwai ne matafiyi ba, wani mazauni ne. Kuma wannan ya shafi musanya kai tsaye: wanda ake musanyawa shi ne mai tafiya, wanda gidansa ke gaba. F7 na awo na farko zaune yake, in ka sa masa B ka rushe gidan. Amma F7 na awo na huɗu ya riga ya ɗaura ɗamara zai tafi Bb7 a awo na biyar, nan kana iya taka B a bugu biyun ƙarshe ka zame Bb. Kod ɗaya, aiki biyu.

Tunda ka kawo bulus, ga wani abu da yaro zai gwada. Riƙe A da Eb tare, F7 ke nan. Ja hannun baya gaɓa ɗaya yadda yake, Ab da D, ka sami Bb7. Koma, ka tura gaba gaɓa ɗaya, Bb da E, ka sami C7. Dukan bulus ɗin a cikin gaɓa uku yake kwance.

Ɗan Damagaram:
Ga wanda ni ya taimake ni, da sauti uku. Tsirkiyar E, D da G, a bar A. Gaɓa 10, 10, 10 shi ne Dm7. Gaɓa 9, 9, 10 shi ne Db7. Gaɓa 8, 9, 9 shi ne Cmaj7. In kana son ka ji bambancin asali da musanya, riƙe 9 da 10 na sama kada su motsa, ka riƙa sauya na ƙasa tsakanin tsirkiyar A gaɓa ta 10, wato G, da tsirkiyar E gaɓa ta 9. A can saman wuyan bes sautukan suna fita tas, ba kamar kusa da kai ba inda suke cakuɗewa.

Ɗan Tudun Wada:
Manyana na dawo, Allah ya saka da alheri. Kwana goma ke nan ina yin na Baba, kaɗa ɗaya rera ɗaya. Rera F a kan B ya zo da sauƙi, amma rera B a kan F har yanzu muryata tana zamewa ta tafi C tun ban sauke ba, kamar ita ma gida take so.

Jiya na je gwaji da wuri na sami mai fiyanonmu shi kaɗai yana goge maɓallai da tsumma. Na nuna masa abin da Anti ta rubuta. Ya ce ba wanda ya taɓa ce masa ya bar tushe, a cocin da ya koya babu mai bes, shi ne bes ɗin. Muka gwada ya ɗauke G ya riƙe F da B kawai da hagu. Da farko hannun yana komawa da kansa, sai ya sa shi a cinya ya yi da dama kaɗai. Na taka G, na taka Db, na sauka C. Ya ce in sake. Mun yi ya fi sau ashirin kafin sauran su iso. A amshi na bar wa mai waƙa "re" ɗinta, na tsaya a G, na sa Db a bugu na huɗu lokacin da ta ɗauki numfashi. Ba ta juyo ba.

Tambayata yanzu: a waƙar da muke rufewa da ita akwai Em7, A7, Dm7, G7. In na musanya biyun ya zama E, Eb, D, Db, C, ya yi yawa?

Anti Mai Fiyano:
Bai yi yawa ba in waƙa ta yarda. Duba abin da take riƙewa a kan A7. In "mi" ne, E ke nan a kan Eb ɗinka, matsalar ranar Asabar ce ta dawo da wata riga. In "so" ne ko "la", bismilla. Kuma kada ka yi shi a kowane zagaye, bar shi sai na ƙarshe.

Sarkin Tafiya:
Ni da na yi shi tun a zagaye na biyu. Amma turo mana abin da kuka ɗauka jiya mu ji, har da wurin da ta ɗauki numfashin.